Kimiyya a Cikin Gida: Kwamfuta Ta Farka, Wani Sashenta Bai Farka Ba

 

Ya ku iyaye da ƴan'uwa masu bibiyar wannan fili, batunmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wani abu da ya faru a gidan wani kawuna ana saura mako 2 a kama azumin bara. Kawun nawa shi ne ma'ajin kwamitin marayu na masallacin unguwarsu, kuma a cikin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka sunayen gidajen da za a raba wa hatsi suke. Wata rana yana tsakar aiki aka kira sallar Magariba, sai ya rufe murfin kwamfutar ya nufi masallaci, bai komo ba sai bayan Isha'i. Da ya buɗe ta, allo ya kawo haske, takardarsa tana nan yadda ya bar ta, amma alamar wifi ta ɓace ɗungum, sauti kuma ya ɗauke. Ya kashe ya kunna har sau 3, babu abin da ya sauya, ga shi kuwa ana jiran ya aika da sunayen ta intanet. Da ya tambayi mutanen gida, aka ce an ga yaron da yake riƙo, maraya ɗan shekara 11, ya shiga ɗakin ɗaukar tabarma. Yaro ya rantse bai taɓa komai ba, aka ce ƙarya yake yi. Washegari kawu ya kai na'urar wurin wani mai gyara a kasuwa, ya dudduba, ya ce katin wifi ne ya ƙone, a kawo jaka 25 na sefa.

Matar kawu ce ta aika a kira ni, saboda yaron ya yini bai ci abinci ba. Da na shiga muka gaisa, kawu ya turo mini kwamfutar ya ce: "Ɗan Liman, ka ga aikin da yaron nan ya yi mini." Na ce: "Kawu, ku yi mini haƙuri na minti 5 kafin a yanke hukunci." Na danna Redémarrer, wato sake tayarwa, muka jira. Tana gama tashi sai ga wifi ya dawo, ga sauti ya dawo. Sa'annan na ce: "Kawu, ku rufe murfin da hannunku, mu ɗan dakata." Ya rufe, muka yi hira kaɗan, ya buɗe. Wifi ya sake ɓacewa, alhali a wannan lokaci yaron yana makarantar allo. Kawu ya yi shiru, can ya nisa ya nemi gafarar Allah.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: idan kwamfuta ta tashi daga barci aka tarar wani sashenta ba ya aiki, galibi sashen ba lalacewa ya yi ba, tayar da shi ne ba a yi daidai ba. Don haka kafin a zargi wani, kafin kuma a fitar da kuɗi, akwai matakan da kowane maigida ko uwargida za su iya bi da kansu.

Mene ne barcin kwamfuta?

A watan Disamba na 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda ta tsara yadda kwamfuta za ta riƙa sarrafa wutar jikinta. Ƙa'idar ta kasa halin kwamfuta mataki-mataki. Matakin S0 shi ne farke, tana aiki. S3 shi ne barcin da ake kira veille da Faransanci: ana yanke wuta daga kusan dukkan sassa, a bar ƴar kaɗan tana ciyar da RAM, wato ƙwaƙwalwar da ke riƙe da aikin da yake buɗe. S4 shi ne dogon barci, veille prolongée, inda ake kwafe abin da ke cikin RAM zuwa faifan ajiya, sa'annan a ɗauke wuta. S5 kuwa shi ne kashewa. Daga Windows 8 na 2012 aka shigo da wani salo na dabam, wanda aka faɗaɗa a Windows 10 na 2015 da sunan Modern Standby. Wannan barcin zomo ne: allo a kashe, amma na'urar ba ta bar matakin S0 ba, ta dai rage shan wuta kamar yadda wayar salula take yi. Sabbin kwamfutoci da yawa da shi suke aiki. Mai son sanin irin barcin da tasa take yi, sai ya buɗe Invite de commandes ya rubuta powercfg /a, za ta jera masa.

To, ita kwamfuta ba abu ɗaya ba ce, gida ne mai mutane da yawa: katin wifi, katin sauti, madannan rubutu, ɗan filin da ake shafawa da yatsa a madadin linzami, kyamara, kafofin USB, da allo. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da ɗan ƙaramin shiri da ke tsakaninsa da Windows, wanda ake kira pilote, mu kuwa a nan za mu kira shi tafinta, tun da aikinsa ke nan. Idan za a yi barci, Windows takan bi tafintocin nan ɗaya bayan ɗaya ta ce kowa ya kwantar da nasa sashe, idan an farka kuma ta sake bi ta ce kowa ya tayar da nasa.

Duk wanda ya taɓa tayar da gida domin sahur ya san ragowar labarin. Uwargida takan bi ɗaki-ɗaki tana kira, kowa ya amsa, amma ba a rasa yaro ɗaya da zai ce "na tashi" ya juya ya ci gaba da barcinsa. Ba ciwo yake yi ba, kiran ne bai ratsa shi ba. Haka katin wifi na kawu ya yi: an kira, tafintansa ya kasa mai da shi bakin aiki, Windows kuma ta wuce.

Dalilan da ke jawo haka sanannu ne. Ko dai tafintan ya tsufa, ko kuma ba na ainihin wannan samfur ba ne. Wannan ya yawaita a wurinmu, domin da yawa daga cikin kwamfutocin gidajenmu an yi amfani da su a wata ƙasa kafin su iso, a kasuwa kuma aka ɗora musu sabuwar Windows da tafintocin da aka samu a kusa. Ko kuma tsarin tanadin batir ya yanke wa sashen wuta ta yadda bai iya komowa ba. Ko kuskuren yana cikin BIOS, wato shirin da ke manne a jikin na'urar tun daga masana'anta. Ko kuwa wani ɗan ƙaramin guntu da ke kula da madannai da caji da fanka ne ya rikice.

Mataki na farko: a adana aiki, a duba abin da ke kusa

Kafin komai a adana takardar da ke buɗe, musamman idan amanar jama'a ce. Sa'annan a duba jerin maɓallan sama, F1 zuwa F12. A kan wasunsu akwai zanen jirgin sama, ko lasifika, ko ɗan filin shafawa, kuma dannawa ɗaya, wani lokaci tare da maɓallin Fn, takan kashe sashen ba tare da mutum ya lura ba. Idan sauti ne ya ɗauke, a danna alamar lasifika a ga inda ake tura shi, domin kwamfutar da aka haɗa da talabijin ta wayar HDMI takan ci gaba da neman talabijin ɗin bayan an cire.

Mataki na biyu: sake tayarwa, ba kashewa ba

A nan ne kawu ya yi tuntuɓe, kuma ba shi kaɗai ba. Hankali yana ba mutum cewa kashewa ta fi sake tayarwa ƙarfi, amma tun daga Windows 8 abin ya juya. An shigo da wani tsari mai suna démarrage rapide, wato saurin tashi. Idan yana kunne aka danna Arrêter, Windows takan rufe takardu da shirye-shiryen mutum, amma ta adana zuciyar tsarin da halin da tafintoci suke ciki a wani fayil mai suna hiberfil.sys, domin ta yi saurin tashi gobe. Ke nan tafintan da ya rikice yana iya komowa da rikicinsa. Redémarrer kuwa takan watsar da komai ta fara daga tushe. Wanda kwamfutarsa ke Ingilishi zai ga an rubuta Restart. Haka nan, idan aka riƙe maɓallin Maj, wato Shift, yayin danna Arrêter, kashewar takan zama cikakkiya.

Idan sashen ya dawo bayan sake tayarwa, to an sami hujja babba: ƙarfen lafiyarsa lau. Abin da ya ƙone ba ya dawowa don an sake tayar da na'ura.

Mataki na uku: a tayar da sashen shi kaɗai

Wani lokaci mutum yana tsakar aikin da ba ya son rufewa. Sai ya danna maɓallin Windows tare da X, ya zaɓi Gestionnaire de périphériques. Nan ne jerin dukkan mutanen gidan yake. Wifi yana ƙarƙashin Cartes réseau. A danna sunan sashen da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Désactiver, a ƙirga 10, sa'annan a zaɓi Activer. Wannan daidai yake da komawa ɗakin yaro a girgiza kafaɗarsa. Idan filin shafawa ne ya tsaya, sai a ari linzami mai wayar USB a yi wannan aiki da shi, saboda haka yana da kyau kowane gida ya ajiye ɗaya.

Idan kuwa allo ne ya ƙi kawo haske alhali ana jin fanka tana juyawa, a danna maɓallai 4 a tare: Windows, Ctrl, Maj da B. A Windows 10 da 11 wannan yakan sa a sake tayar da tafintan hoto; za a ji ɗan ƙara, allo ya yi ƙyaftawa.

Mataki na huɗu: a toshe hanyar komowar matsalar

A cikin Gestionnaire de périphériques ɗin nan, a danna sunan sashen sau 2, a nemi shafin Gestion de l'alimentation. Akwai wani ɗan akwati da ke ba kwamfuta izinin kashe wannan sashe domin tanadin wuta. A cire alamar da ke cikinsa. Wannan shi ne ya warkar da ta kawu. A wasu sabbin na'urori masu barcin zomo ba za a ga wannan shafi ba, kada abin ya dami mutum, sai ya wuce gaba.

Idan kafofin USB ne ke mutuwa, a shiga Panneau de configuration, a buɗe Options d'alimentation, a cikin saitunan da suka fi zurfi a kashe suspension sélective USB. A wannan wuri dai, a ɓangaren da ake zaɓar aikin maɓallin kunnawa, ana iya cire alamar démarrage rapide baki ɗaya. Na'urar za ta ƙara ƴan daƙiƙu wajen tashi, amma kashewa za ta koma kashewa ta gaskiya.

Mataki na biyar: a zubar da ragowar wuta

Idan madannai ne suka tsaya, ko caji ya ƙi shiga, ko na'urar ta ƙi farkawa sam, to mai yiwuwa ɗan guntun nan da muka ambata ne ya rikice, shi kuwa ba ya rasa wuta ko an kashe kwamfuta muddin batir yana jiki. A kashe na'urar, a cire caja da duk abin da ke maƙale da ita, a cire batir idan irin mai fita ne, sa'annan a danne maɓallin kunnawa kimanin daƙiƙa 30. A mayar da komai a kunna. Wasu samfurori na Lenovo da Acer masu batir a ciki suna da ɗan rami a ƙasansu da ake sa tsinke a danna domin wannan aiki. Amma a tabbata ramin ne ta hanyar duba littafin na'urar, kada a soka tsinke a ramin lasifika.

Mataki na shida: a sabunta tafinta

A juya kwamfutar a karanta sunan samfurinta da lambarta, a shiga shafin intanet na kamfanin da ya ƙera ta, a sauko da tafintan sashen daga can. A guji shirye-shiryen da ke tallar cewa za su sabunta dukkan tafintoci a dannawa ɗaya, domin sau da yawa ɓarnarsu ta fi gyaransu. Idan kuma matsalar ta fara ne bayan wata sabuntawa, akwai maɓallin Restaurer le pilote da ke mai da tsohon.

Sabunta BIOS ma yakan magance matsalolin barci, amma ina jan kunne a kansa. Idan wuta ta yanke ana tsakar wannan aiki, na'urar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. A garuruwanmu da wuta ke zuwa tana komawa, kada a fara sai batir yana cike kuma yana riƙe caji, caja ma tana jone. Wanda batirinsa ya mutu ya bar wannan mataki ga masani.

Ɗalibanmu masu amfani da Linux, irin su Ubuntu, su ma ba su tsira ba. Idan wifi ya ɓace bayan barci, umarnin sudo systemctl restart NetworkManager yakan isa a lokuta da dama.

Idan duk an bi waɗannan ba a dace ba

Akwai mafita mai sauƙi: a daina sa ta irin wannan barci. A cikin Options d'alimentation akwai wurin zaɓar abin da zai faru idan an rufe murfi. A sauya shi daga veille zuwa veille prolongée. Wannan yana da wata fa'ida a ƙasarmu. Kwamfutar da ke barci na yau da kullum tana shan batir, idan kuwa batir mai rauni ya mutu farat ɗaya, aikin da ba a adana ba ya tafi. Mai dogon barci ba ta shan komai, aikin yana kan faifai. Sa'annan mai barcin zomo takan farka a cikin jaka ta yi ta ɗaukar zafi babu iska, a watannin Afrilu da Mayu kuwa da zafi ke haura digiri 40, wannan yana gajarta ran batir. Wanda zai sa kwamfuta a jaka ya hau babur, ya kashe ta ko ya sa ta dogon barci.

Yaushe ne lalacewa ta gaskiya?

Adalci ne mu faɗi cewa wani lokaci ƙarfen ne ya lalace, kuma mai gyara yana da gaskiya. Alamomin su ne: sashen bai dawo ba ko bayan sake tayarwa da zubar da wuta, madannai ba sa aiki ko a cikin allon BIOS, kafin Windows ta tashi, ko allo yana kawowa yana ɗaukewa gwargwadon yadda aka karkata murfi, wanda ke nuna wayar da ta ratsa ta maɗaurin murfin ta fara tsinkewa. Idan aka ga filin shafawa ya ɗago sama, ko jikin na'urar ya buɗe ta gefe, batir ne ya kumbura. A cire caja nan take, kada a matsa shi ko a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta, a kai wa mai gyara. Idan kwanan wata da agogo suna rikicewa duk lokacin da aka kunna, ɗan batirin nan mai kama da ƙwandala da ke cikin na'urar ne ya ƙare, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Wani abin mamaki kuma: da maganaɗisu kwamfutoci da yawa suke gane an rufe murfi, don haka ɗora waya mai maganaɗisu a jiki, ko aza kwamfuta a kan wata, yana iya sa ta barci ana tsakar aiki.

Wanda zai je wurin mai gyara ya tafi da bayani: wane sashe ne, yaushe yake tsayawa, me aka gwada. Ya kwafe muhimman takardunsa a wata ma'ajiya ta dabam tukuna, ya kuma roƙi a nuna masa lalacewar kafin a sauya wani abu. Mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, hasali ma sauƙaƙa masa aiki aka yi. Wanda kawu ya je wurinsa ma ban ce ha'inci ya nufa ba. Ya ga wifi babu, ya yi saurin yanke hukunci, kamar yadda aka yi a gida.

Wannan ya mai da mu ga yaron. Da ya dawo daga makaranta, kawu ya kira shi a gaban mutanen gida ya ce: "Zo nan, ɗana. Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, ka yafe mini." Yaro ya sunkuyar da kai, hawaye suna zuba, ya ce: "Ba komai, Baba." A daren nan aka aika da sunayen, jaka 25 ɗin nan kuma kawu ya zuba su a asusun hatsin marayu. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba, balle kuma a kan maraya, wanda ba shi da mai tsaya masa sai wanda ke zarginsa. Na'urorin nan sun shigo gidajenmu da halayen da ba mu saba da su ba, yara kuwa su ne suka fi kusa da hannu idan abu ya ɓaci. Minti 5 na bincike sun fi sauƙi a kan neman afuwar yaro, domin ba kowane babba ne Allah Yake ba ƙarfin zuciyar da Ya ba kawu ba.

Masu tambaya a kan wannan batu ko waninsa suna iya miƙa wasiƙunsu ga ofishin ƙungiya kamar yadda aka saba, da Hausa ko da Faransanci, tare da sunan samfurin na'urar. A fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, za mu duba yadda ake kare kwamfuta daga ƙurar hunturu. Allah Ya tsare mu daga zaluntar na ƙasa da mu, Ya sa albarka a cikin abin da muka sani.